Makarancin da Bai Iya Karatu Ba

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Na yi kusan shekara biyu ina miƙewa kowace Lahadi a gaban jama'a, Littafin Allah a hannuna, ina karantawa da murya kamar ta mai labarai a rediyo, alhali ko sunana aka rubuta a bango sai na tsaya na yi masa kallon baƙo. Warin takarda ne ya tuno mini. Shekaranjiya ruwa ya shigo mana ɗaki, kamar yadda ya saba yi a Kwatano idan damina ta kankama, matata ta fito da kaya tana shanyawa, sai ga tsohon Littafin kakana a ƙasan akwati. Na buɗe, warin kafur da danshi ya bugi hancina, na nemi kujera na zauna.

Mu Kirista ne a tsakiyar Zongo, muna haya ɗaki biyu a gidan wani Alhaji mai fataucin albasa. Kakana daga can Nijar ya gangaro tun yana da ƙarfi, ya yi gadin kanti har gashinsa ya yi fari. Ubana ya rasu ina goye, uwata ta koma arewa ta yi aure, don haka Kaka da goggona, ƙanwar ubana, su suka rene ni. Zamanmu da mutanen gidan lafiya lau ne. Da Sallah nama yana shigo mana har mu rasa kwano. Da Kirsimeti kuma Goggo takan kira ɗan Alhaji ya yanka mana kaji, don kowa a gidan ya iya sa hannu. Ni dai duk ɗaya ne a wurina, muddin akwai romo.

Lakwal kuwa, wato makarantar boko, shekara uku na yi, biyu a aji ɗaya. Wata rana mushe, malaminmu ke nan, ya ƙwanƙwasa kaina da ƙashin yatsa ya ce wa 'yan aji su yi shiru su saurara, wai ba kowa a ciki. Aka fashe da dariya. Ni na fi kowa dariya, har da faɗuwa daga benci. Amma maganar ta bi ni gida, ta kwana da ni, ta tashi da ni. Daga ranar, da na kalli haruffa sai su riƙa yawo kamar tururuwa, zuciyata ta ce mini: kada ka wahal da kanka, ba kowa a ciki. Da malamai suka shiga yajin aiki saboda an daina biyansu, aka rufe makarantu, ina jin a duk faɗin ƙasar ni kaɗai na yi murna.

Abin da Allah ya ba ni shi ne kunne. In na ji abu sau biyu, ya zauna. Ina kwaikwayon matan ƙabilar Fon masu tallan kifi, ina kwaikwayon ladanin unguwa, ina kwaikwayon tarin Alhaji har matansa su amsa daga ɗaki. Ban taɓa ɗaukar wannan baiwa ba. Na ɗauke shi abin da wawa ke yi don kada a lura wawa ne.

A lokacin, mu masu sujada da Hausa ba mu da yawa: masu gadi, wani tela, mata biyu masu kunu da 'ya'yansu. A rumfar wani kafinta muke taruwa wajen unguwar Saint-Michel, cikin ƙamshin katako, muna waƙa a hankali, don zamanin mulkin juyin juya hali ne, ba a son taro mai ƙara. Kaka ne ke karatu. Sai yanar ido ta rufe masa idanu, ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ya kasa ganin layi gaba ɗaya, ya rufe Littafin ya ce, "Jikana ya yi lakwal. Daga mako mai zuwa shi zai karanta mana."

Da ina da hankali da na ce ban iya ba. Amma duk ido ya juyo kaina, kuma karo na farko a rayuwata ba dariya ake shirin yi mini ba. Na gyaɗa kai.

Ga yadda abin ya riƙa tafiya. Kowace Asabar bayan la'asar, Kaka yakan zauna a inuwar katanga, kusa da buhunan albasa, ya laluba Littafin da yatsa ya sa tsinken tsintsiya a wurin da za a karanta. Ya san Littafinsa da kauri, kamar yadda mai shago ya san inda gishiri yake. Sai ya ce, "Zo nan, ɗan banza, zauna in tisa a kunnenka kada in manta." Ya karanto wurin da ka, sau ɗaya, sau biyu, wani lokaci sau huɗu. Ni kuma ina fiffita shi da mafici, ina haɗiye kowace kalma. Washegari in miƙe, in buɗe wurin tsinke, in ɗora yatsa a kan layi, in zubo. Inda ya ja numfashi in ja, inda ya ɗaga murya in ɗaga. In na ga na daɗe a shafi ɗaya sai in lashi yatsa in juya, don na ga haka masu karatu ke yi.

Masu kunu suka fara ba ni kyauta. Tela ya ɗinka mini farar riga da guntun yadi. Kaina ya kumbura. Amma ka sani, ban taɓa yin addu'a da ido a rufe ba, kullum ina leƙen wanda zai gane ni.

Sai shekarar babban taron ƙasa ta zo, wanda aka kira don sauya tsarin mulki. Ba zan manta da waɗannan kwanaki ba. Kowane shago a Zongo da rediyo a kunne, masu nama sun bar nama, Alhaji da Kaka suna zaune a tabarma ɗaya da rediyo a tsakaninsu, wani yaro mai Faransanci yana fassara musu. Mutane na faɗin abin da a da ko a ɗaki ba a faɗa. Bayan nan kowa ya buɗe baki. Jaridu suka fito kamar ciyawa, jam'iyyu suka cika gari, mu ma muka samu ɗakin sujada na kanmu, aka shafa farar ƙasa, aka rataye allo a ƙofa. Aka aika arewa aka kira wani matashin fasto mai tabarau ya zo ya buɗe mana.

Ranar buɗewa ruwa ya kwana yana zuba, muka shiga da wando a naɗe. Ɗakin ya cika, har Alhaji ya aiko da benci biyu. Na haddace wurina tsaf. Na miƙe cikin farar rigata. Sai fasto ya ce, cikin fara'a, ya canza shawara, a buɗe wuri kaza. Ya miƙo hannu da kansa ya buɗe mini, nesa da tsinken.

Na kalli shafin. Tururuwa.  Kuma maimakon in yi shiru, sai na ɗora yatsa na fara zubo abin da na haddace, da murya mai daɗi, wai ko Allah zai sa ya dace. Fasto ya leƙo ta kafaɗata, ya gyara tabarau, ya ce a hankali, "Ɗana, ba nan ba ne." Bai faɗa da mugunta ba. Amma wata yarinya ta ƙyalƙyale, sauran yara suka kama. Na ajiye Littafin a kan benci, na bi ta tsakiyar jama'a, na faɗa cikin ruwan titi da gudu. Ban tsaya ba sai bakin teku a Fidjrossè.

Ban koma gida ba. Na haye gada na laɓe a unguwar Avotrou, wurin wani bakanike mai gyaran babura, ina wanke ƙarafa ana ba ni abinci. Kaka ya aiko sau uku, na ƙi. A na huɗu ya zo da kansa, Goggo na riƙe da sandarsa, ƙafafunsa duk caɓi. Aka ba shi tsohuwar taya ya zauna. Yaran gareji suka kewaye mu suna kallo.

"Kai, ɗan banza," ya ce, "makaho ne ni, ba kurma ba. Ina jinka kana juya shafi a tsakiyar kalma. Ka ɗauka don kaina nake tisawa ranar Asabar? Na haddace wuraren nan tun ba a haifi ubanka ba."



Ya ce laifin nasa ne. Ya ga yadda nake tafiya a raɓe kamar wanda ya ci bashin duniya, ya so ya ga na tsaya a miƙe ko sau ɗaya, sai ya rufa mini asiri maimakon ya zaunar da ni ya koya mini. Ya ce ya roƙi Allah gafara, yanzu ya zo ya roƙe ni. Sannan ya ba ni labarin mutumin nan da Allah ya aika wurin sarkin Masar, wanda ya yi ta kawo uzuri, yana cewa bakinsa da nauyi, a aiki wani. Allah bai ce masa ƙarya yake yi ba. Tambayarsa kawai ya yi: wa ya yi bakin?

"To wanda ya yi kan nan naka," in ji Kaka, "shi ya san abin da ya zuba a ciki, ba mushe ba. Taho gida. Ka karanta mini harafi-harafi, in ka faɗi in ɗaga ka. Ba inda za ni."

Ka san abin da na yi? Na ga yaran gareji na kallona, na ji hawaye na tahowa, sai na ɗauki zoben ƙarfe biyu na kara a ido kamar tabarau, na maƙale murya na ce, "Ɗana, ba nan ba ne." Gareji ya kece da dariya. Kaka ma ya yi dariya, don muryar ta fito daidai. Ya jira kaɗan ko zan ƙara wani abu. Ban ƙara ba. Ya miƙa wa Goggo sanda, suka tafi. Na bi bayansu da kallo har suka sha kwana, ina ce wa kaina mako mai zuwa zan je.

Kaka bai kai zaɓen da aka yi bayan taron ƙasa ba, ya rasu. Na je jana'iza na tsaya a baya. Alhaji ne ya kama hannuna ya kai ni gaba.

Daga nan na hau zemijan, babur ɗin haya, da rigata mai ruwan ɗorawa. Fiye da shekara ashirin ina yawo da mutane a garin nan ban karanta allo ko ɗaya ba, da ka na san kowane lungu. Na yi aure, na ɓoye wa matata, ko kuma ita ma ta bar ni ina ganin na ɓoye. A majami'a kullum ina bencin ƙarshe, kusa da ƙofa. In aka miƙo mini takarda sai in shafa aljihu in ce na manta tabarau, ni da ban taɓa mallakar tabarau ba.

'Yata ta fari ce ta kama ni, tana 'yar shekara tara. Ta kawo mini takardar magani ta ce in duba, na fara shafa aljihu, sai ta ce, "Baba, ka bar aljihun nan ya huta. Zauna." Da ba'a na so in kuɓuce, har na buɗe baki. Sai maganar Kaka ta dawo mini, wadda na yi shekaru ina gudu: wa ya yi kan? Ranar na shiga ɗaki na yi addu'a da ido a rufe, na ce, Ubangiji, in akwai wani abu a ciki, kai ka sa shi, ka nuna mini. Na fito na zauna a tabarma gaban yarinya.

Shekara biyu muka yi. Tana da zafin hannu kamar mushe, sai dai ita in ta ƙwanƙwasa kaina cewa take, "Akwai mutum, barci yake." Duk sa'ad da haruffa suka fara yawo, sai in tuna da mai nauyin bakin nan, wanda bakinsa bai sauya ba amma ya tafi. A nan na gane ba sai tsoro ya tafi ake miƙewa ba.

Yanzu Zongo ta canza. Gidan Alhaji ya zama bene, inda buhunan albasa suke an buɗe shagon waya. Yara a majami'a a waya suke buɗe Littafi, wayar ma ita ke karanta musu in sun ga dama. Da a zamanin nan aka haife ni, da na yi ta ruɗin jama'a har in mutu ba wanda ya sani. Ban sani ba ko wannan ci gaba ne.

Ranar da na miƙe na yi karatu na gaske, ban yi shi da muryar rediyo ba. Na tsaya sau biyar, wata kalma sai da na koma na sake hawa ta sau uku. Ba wanda ya ba ni kunu. Da aka tashi, Goggo, wadda ta tsufa har sai an riƙe ta, ta sa aka kira ni. Na durƙusa ina jiran yabo, don har yanzu halin bai bar ni ba. Sai ta ce, "Wannan tuntuɓen da ka yi yau, shi tsohon nan ya yi ta zama a bakin ƙofa yana jira ya ji."