Lambar da Na Rubuta a Tafin Hannu

Liman bai gama sallame sallar asuba ba muka bar Samaru, ni da Yayata. Ita tana rungume da jaka kamar an ba ta riƙon jariri, ni kuma ina rungume da barcina. Abin da ke cikin jakar ɗan baƙin faifan kwamfuta ne da ake kira disket, shi ɗaya tilo, kullum tana cewa gobe za ta kwafa.

Bari in yi muku bayani yadda na fahimta. Shekara biyu Yaya tana bin gonakin Bomo tana tsinko ganyen waken da ya yi dabbare-dabbare, don digirinta na biyu. An aika ganyen waje, aka dawo mata da haruffan gadon ƙwayar cutar a faifan nan, A da T da G da C zalla, sun fi gashin kaina yawa. Saura ta zuba su a wani shafin intanet mai suna BLAST, ya gwada su da na wani katafaren rumbu, GenBank, ya faɗa mata sunan cutar. Malaminta zai tafi waje washegari, sai bayan shekara. Ya ce in ba ta kawo sakamako kafin la'asar ba, ta jira dawowarsa. Ga shi iskar hadarin shekaranjiya ta karkatar da farantin tauraron kafe ɗin unguwarmu, wato shagon intanet. Shi ya sa muka nufi Sabon Gari, Inna ta haɗa ta da ni wai in zama 'yar rakiya.

Naira talatin-talatin muka biya zuwa PZ, a bakin Sabon Gari. Kwandasta ya cusa mu biyar a kujerar mutum uku, wata mata ta ɗora mini kwandon tumatir a cinya, har yanzu ƙafata ta hagu ba ta yafe mata ba. A Kwangila muka tarar da tirela ta gitta hanya. Yaya ta duba agogo sau ɗari tara, na ƙirga.

Duk sammakon nan, sai tara aka buɗe kafe, kuma masu duba sakamakon jarabawa sun riga mu layi. Sha ɗaya ta wuce kafin mu sami kujera, awa ɗaya naira ɗari. Shafin ya riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan kamar amarya na yaye lulluɓi. Yaya ta zuba haruffanta, ta yi bismillah, ta danna. Sai ga wata doguwar lamba ta fito a sama, aka ce a jira.

"Kar ki taɓa komai," in ji Yaya.

Ban taɓa ba. Amma ni ina da wata ɗabi'a da Inna ta gaji da yi mini faɗa a kai, rubutu a tafin hannu. Da na ga lambar nan sai na ɗauka lambar wayar Baturen da ke gadin rumbun ce a Amurka. Na ce wallahi sai na nuna wa 'yan ajinmu. Na zare biron Yaya na kwafe ta tsaf a hannun hagu, tun daga ɗan yatsa har wuyan hannu.

Ina rufe biro aka ɗauke wuta. Kafe gaba ɗaya ya ɗauki salati. Mai kafe ya ja janareto, ya sake ja, har igiyar ta tsinke a hannunsa.

Muka fito sha biyu da rabi. Na matsa mata muka tsaya wurin wata mai masa a bakin titi, don cikina ya fara kiran sunan kakannina. Masa ce mai taushi da miyar taushe, uku naira ashirin. Matar ta miƙo kwanon ruwa na tsoma hannun dama na wanke, na cinye tawa na cinye ta Yaya.

Ɗan acaɓa ya kai mu wani kafe a cikin Sabon Gari, saman bene, janaretonsa na ruri. Yaya ta sa faifai. Kwamfuta ta yi ƙurr, ƙurr, ta yi shiru. Aka gwada a ta biyu, aka gwada a ta uku. Mai kafe ya fito da shi, ya hura masa iska, ya girgiza kai, alamar faifan ya mutu.

"Madam, dis one don die."

Ban taɓa ganin fuskar Yaya haka ba. Ta zauna, ta dafe kai.

"Shekara biyu. Kuma sai da Malam ya ce in rubuta lambar aikin da za ta fito. Da ita ko'ina na je zan ɗauko sakamakon. Sauri ya sa na manta."

"Wace lamba, Yaya? Ta Baturen?"

"Wane Bature kuma? Don Allah ƙyale ni."

Na buɗe mata hannuna. Ta kalla, ta sake kallo, ta cafke wuyan hannun kamar ta kama ɓarawo a kasuwa.

"Kar ki motsa! Kar ki yi gumi!"

Ku gaya mini yadda ake hana gumi a Sabon Gari da ƙarfe biyu na rana. Mai kafe ya juyo da fanka kaina, wani ɗalibi yana yi wa tafina fifita da jarida, Yaya tana kwafa da yatsa ɗaya. Lamba guda da ke kan layin tafi ta riga ta jiƙe, ba a gane uku ce ko takwas. Ta sa uku, shafi ya ce bai san zancen ba. Ta sa takwas. Muka jira, ni dai na tsufa a wurin.

Sai jajayen layuka suka cika allo. Gabana ya faɗi, don a makarantarmu jan biro faɗuwa ne. Yaya kuwa ta yi kabbara har mutane suka waiwayo. Ashe a can ja yana nufin an dace sosai. Cutar da ƙwarin darɓa ke yaɗawa a wake ce, abin da take zato tun farko.

Aka buga mana a takarda, muka ruga tasha. Ana kiran la'asar ta shige ofishin malaminta, ta fito da sa hannunsa, ni kuma na je na yi alwala, lambar ta bi ruwa.

A gida Yaya ta ba Inna labari. Abin da tafiyar ta koya mata, ta sayi faifai uku rigis. Ni kuwa na gane da na ci masar nan da hagu, yadda nake yi in Inna ba ta kallo, da Yaya na nan tana jiran baɗi. Na ce wa Inna to yanzu ai sai a bar ni da rubutuna. Ta ce hannun da ya ci abinci da ladabi shi ta gode wa, ɗayan kuma in ta sake ganin biro a jikinsa, sai ya gane kurensa.