Waken Alhaji a Falo

Lokacin da nake aikin sito a Wendover, can ƙasar Turawa, ina haya ne a bayan High Point Road. Maƙwabcina wani dattijo ne mutumin Maraɗi, muna ce masa Alhaji. Bayan gidan akwai ɗan fili, muka raba shi biyu muka yi lambu.

Ni kuwa akwai shisshigi, komai sai na ga ƙwal uwar daka. Ranar da ya kwance wani ƙullin tsumma ya fito da jajayen ƙwayoyi cikin toka, tuni na tsuguna. Ya ce waken Masar ne, mai tashi kamar bishiya, irin da mahaifiyarsa ke shukawa a kan iyakar gona. Na nuna masa nawa, sabon iri mai saurin nuna da wani ɗan Indiya mai kanti ya ba ni.

"Naka ɗan gaggawa ne," in ji shi. "Sauri ya haifi nawa."

Nawa ya tsaya iya ƙugu, ya yi 'ya'ya, har Alhaji ya ci yana kushewa. Nasa ya wuce kaina, ganye shar, fure ko ɗaya babu. A gida sai cikin rani ake girbe shi, don haka ya zauna jira. Sanyin ƙasar nan kuwa ba ya jira. Wata safiya muka tarar da shukar ta yi baƙi kamar an watsa mata tafasasshen ruwa.

Shekara ta biyu ya juye sauran irin duka a ƙasa, da wurwuri. Furen na fara leƙowa, rediyo ta ce sanyi na tafe. Ya sayi katin waya ya kira ƙanensa a aiko masa da wani irin daga gida. Da ya fito, fuskarsa ta sauya.

"Wai babu. Kowa ya koma ma sabon iri, irin naka. Ko rumbun tsohuwa babu ƙwaya."

Na daina tsokana, don tausayinsa ya kama ni. Muka haƙe wadda ta fi ƙarfi, muka dasa ta a babban bokiti, muka rage mata tsawo, muka kinkima zuwa tagar falonsa. Matarsa Hajiya ta riƙe haɓa.

"Alhaji, salon ɗin nawa za ka maida gona?"

Ganye ya zube, yawancin furen ya bi shi. Kullum na taso aiki sai na shiga, wai gaisuwa, alhali bokitin nake leƙe. Da ƙyar ta ba da abin da bai cika tafin hannu ba.

Na tambaye shi yaushe za mu shuka. Ya barbaɗa musu toka, ya ƙulle cikin tsumman nan.

"Ba nan ba, Malam. Wani ɗan garinmu zai tahi gida, shi zan ba." Ya daɗe yana juya ƙullin a hannunsa. "Waken dai ya riga ni komawa."