Injin da Yaya Bulus ya bari a Hanwa

A wannan watan Yaya Bulus yake cika shekara goma sha biyu da rasuwa. Na so in rubuta irin abin da aka saba, in ce mutumin kirki ne, in yi masa addu'a in tashi. Mutumin kirki ne kuwa. Amma bana ba kewarsa kaɗai ta zaunar da ni ba, har da tsoro, don ɗansa Ishaya ya yaye tamfol ɗin da muka lulluɓa wa injin da ya kashe ubansa.

Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma gyaran ƙananan jirage ya yi har ya yi ritaya. Da wani kamfanin noma ya durƙushe aka yi gwanjon kayansa, sai ya sayo injin tsohon jirginsu na feshin magani, irin mai fistin da farfela a gaba. Gangar jirgin ta riga ta ruɓe. Ya ɗaure injin a kan ƙarafa a bayan gidansa na Hanwa, wai wata rana zai samo masa jiki ya tashi. Nakan yi masa tsiya in ce sa'o'insa sun yi ritaya sun kama gona a Bomo, shi ya ɗauko kiwon da ba ya haihuwa kuma ba ya yankuwa. Sai ya yi dariya ya ce malaman firamare ba mu san daɗi ba.

Masu ƙera injin sun daɗe da daina yin irinsa, saboda haka komai ƙanƙantar abin da ya lalace sai ya zama aiki. Babu shagon kayan mota a Sabon Gari da bai leƙa ba, har 'yan kasuwar suka sa masa Oga Failot, alhali bai taɓa tuƙa jirgi ba. Mu kuma a garin nan mun saba, abin da babu a kasuwa sai a tafi Chikaji a sassaƙa shi, ko a ciro na wata mota a daidaita. Shekara da shekaru Yaya yana ƙin wannan. Yakan ce mota in ta mutu a gefen titi take tsayawa, jirgi kuwa ba shi da gefen titi.

Sai makunnin injin ya lalace. Ya aika Legas, ya aika Kano, ya roƙi tsofaffin abokan aikinsa, shiru. Da jira ya ishe shi ya sayo na mota ya daidaita, yana cewa ai ba tashi zai yi da shi ba. Irin wannan inji ba ya jiran batir, da zarar farfela ta juya yake haɗa wutarsa da kansa, makunnin ne kawai ke danne ta. In makunnin ya yi sakaci, injin a kunne yake ko da ya nuna a kashe. Yaya ya fi kowa sanin haka.

Duk Asabar yakan juya farfelar da hannu don baƙin mai ya zagaya, kada tsatsa ta kama fistin. Wata safiya matarsa Saratu tana kicin ta ji injin ya yi tari sau ɗaya. Bai ma tashi ba. Amma farfelar ta same shi a kai, kuma kafin a kai asibiti ya cika. Ni na wanke wurin, don Saratu ba ta iya ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Ishaya, wanda yake ɗalibi a lokacin, yanzu magidanci ne mai gyaran janareto a Samaru. Yana zaune a shagonsa ya lalubo makunnin na asali a waya, a wurin wani mai tara tsofaffin kaya a ƙasar waje, aka aiko masa. Na riƙe shi, bai cika tafin hannuna ba. Ina jin Yaya zai fara da mamaki, ya juya shi ya duba lambarsa. Ni dai haushi ne ya kama ni, har na rasa wanda zan zaga.

Tun tuni Saratu ta so 'yan gwangwan su kwashe injin, Ishaya ya hana. Da ta ga ya fara wanke fulogin injin sai ta turo ni, wai ya fi jin maganata. Na same shi a bayan gidan, na faɗa masa shi kaɗai ya rage mata, na tuna masa yaransa biyu. Ya saurare ni har na gama, kansa a ƙasa.

Ya ce, "Gwaggo, ba injin ne ya kashe Baba ba, rashin makunnin nan ne. Yanzu akwai shi. In na bar injin ya ruɓe, Baba ya mutu a banza."

Na tambaye shi yadda zai tada shi. Ya ce sitatar da ke tada shi ma ta mutu, ita kam ko a waya babu, da hannu zai ja farfelar. Na ce ya ji tsoron Allah. Ya ce ya san inda ake tsayawa. Ya matsa ya nuna mini, ya gyara ƙafafunsa, ya ɗora yatsunsa a bakin farfelar a hankali kamar mai lallashin dabba.

A coci za a ce abin da ya rage na Yaya shi ne kirkinsa da mutanen da ya koya wa sana'a, kuma ba ƙarya ba ne. Amma ni na ga abin da ya fi komai nasa tsawon rai, wato wannan taurin kai na ƙin barin ƙarfe ya mutu. Yana nan a hannun ɗansa, bai ragu ba ko kaɗan. Ina son Yayana har gobe, amma da ina da iko, da wannan gadon na binne shi tare da shi.