Karyar da Muka Koya wa Zama

Jiya da hantsi ina tsaye a bakin kasuwar Jega, ina jiran mai faci ya gama da tayar babur ɗina, sai wata babbar mota ta wuce shaƙe da buhunan albasa. Warin nan na albasar da ta kwana a buhu ya daki hancina, nan take zuciyata ta koma fadamar Sabiyal, wurin kakana da wata karya mai tabo a wuya.

Ina ƙarami mahaifiyata ta rasu. Mahaifina direban babbar mota ne mai zuwa Kudu, ba ya zama, don haka ya kai ni wurin mahaifinsa a ƙauye. Gidan babu kowa sai tsohon da gwaggona mai yi mana tuwo. Yaran unguwa suna kirana ɗan birni, suna dariya don ban iya tafiya a kan kunyar fangali ba sai na faɗa cikin laka. A hankali na daina fita wasa, daga baya na daina magana ma. Idan an tambaye ni abu, sai in gyaɗa kai ko in girgiza. Kakana bai taɓa matsa mini ba. Kullum da safe yakan miƙo mini ƙwaryar ban-ruwa, in bi bayansa mu tafi gona shiru.

Lokacin dashen albasa ne muka sami karyar, kwance cikin wani rami kusa da rijiyarmu. Wata tsohuwar igiya ta nutse cikin naman wuyanta, ƙudaje sun rufe wurin, haƙarƙarinta duk a waje. Ba mu san wanda ya ɗaure ta ya yar ba. Da muka matso sai ta yage baki, amma ko tashi ba ta iya yi. Kakana ya ɗaura lauje a kan doguwar sanda, ya lallaɓa ya yanke igiyar daga nesa.

Da labarin ya kai gida, gwaggo ta ajiye muciya ta ce, “Baba, karya za ka kawo muna gida? Inda muka salla?”

Ya ce, “Ba gida za ta shiga ba. Gona ta ishe ta.”

Haka kuwa aka yi. Ya yi mata inuwa da zana a gefen rudu, wato rumfar karan da ake ajiye albasa bayan an cire. Yana kiranta Baƙuwa, sunan ya bi ta.

Idan ka taɓa ganin dabbar da ta sha duka, ka san ba yunwa ce ta fi damunta ba. Muna zuba mata jiƙaƙƙen ƙanzo a kasko, ba ta taɓawa sai mun yi nisa. Kowace safiya kakana yakan jawo kaskon kusa da inda muke zama, kaɗan kawai, yadda ba za ta lura ba. Ya hana ni ɗaga hannu a gabanta, ko da ƙuda zan kora. Sai da ganyen albasa ya miƙe ya yi kore shar kafin ta yarda ta ci abinci ina tsugunne kusa da ita.

Daga nan ya ce lokacin koyarwa ya yi, kuma ni zan yi. Ya ce muryarsa ta dushe, ba za ta ji shi ba. Kalmomi kaɗan ya ba ni, da harshensa na mutanen wurin: taho, zamna, bari. Ranar farko da na buɗe baki na ce “taho”, muryata ta fito kamar ta wani, don na daɗe ban ji ta ba. Karyar ta ɗaga kunne ta dube ni. Ba ta zo ba, amma ta duba. Sai da na girma na gane muryar tsohon lafiyarta ƙalau, don yana iya kiran mutum daga wannan bakin fadama zuwa wancan.

“Taho” ba ta yi wuya ba, tunda akwai ƙanzo a hannuna. “Zamna” ta ɗauki lokaci. Nakan riƙe loma sama da kanta har gindinta ya taɓa ƙasa, sannan in jefa mata. Wata rana ta yi, washegari ta manta. Idan ta lashe ni, in je rijiya in wanke hannu da ƙasa da ruwa kamar yadda aka koya mini, in dawo mu ci gaba. Ita ce kaɗai nake yi wa hira. Na ba ta labarin gidanmu na Jega, da yadda mahaifiyata ke soya ƙosai.

Da ta yi ƙarfi sai ta jawo mana magana. Ta kama zabuwar maƙwabcin gonarmu ta kashe. Mutumin ya zo da gora yana huci, ya ce yau zabuwa, gobe ɗan tunkiyar Fulani, sannan rigima ta ci gari. Gaskiyarsa ce. Kakana ya ba shi haƙuri, ya roƙi a bar ta zuwa cirar albasa. Ya ce in ta sake, shi da kansa zai miƙa ta.

Na shiga koya mata “bari” da tsoro a cikina. Muka ɗauko kazar gwaggo da ’ya’yanta muka kai gona. In riƙe igiya, kaji su wuce, ta zabura, in ce “bari”. Sau da yawa ta ja ni har cikin laka. Na yi kuka, na so in doke ta, kakana ya riƙe sandar ya ce, “In ka buge ta, kai ma ka koma cikin waɗancan da suka cuce ta.” A hankali zaburar ta koma rawar jiki, rawar jikin ta koma kallo.

Ana cikin cirar albasa, garken Fulani ya bi ta gefen gonar, wani ɗan tunkiya ya ɓalle ya nufo rudu, har gaban hancinta. Babu igiya a wuyanta ranar, kuma maƙwabcin nan yana tsaye a kan iyaka yana gani. Gashin bayanta ya miƙe. Na ce, “Bari. Zamna.” Ta yi wani ɗan kuka a maƙogwaro, ta zauna, ɗan tunkiyar ya shinshine ta ya wuce. Maƙwabcin ya juya ya koma gonarsa. Bayan kwana biyu ya aiko mata da ƙashi.

Da damina ta kusa, mahaifina ya zo ɗaukata. Ya bar tuƙin nesa, yana so in shiga makaranta a Jega. Muka hau babur, ita kuwa ta biyo mu da gudu, harshe a waje, har muka kusa titin Aliero. Mahaifina ya tsaya ya ce, “Mai da ta, mota za ta take ta.” Na sauka na tsaya gabanta na ce, “Zamna.” Ta zauna a tsakiyar hanya tana kaɗa wutsiya, tana jiran in yi nisa in kira ta kamar kullum. Ina waiwaye har na daina ganinta, tana nan zaune. Gwaggo ta gaya mini daga baya cewa sai da la’asar kakana ya tako ya same ta a wurin, ya zauna kusa da ita har ta yarda ta bi shi.

Na riƙa ganinta lokacin hutu, ta tsufa tana gadin rudu. Ta mutu wata damina ina makarantar sakandare a Maiyama, ba da daɗewa ba tsohon ma ya rasu.

Yanzu maƙwabcina a Jega yana da wani ƙaton kare na ƙasar waje a kejin ƙarfe. Wani saurayi yakan zo ya koya masa zama da tashi da Turanci, yana ɗaukar bidiyo da waya. Karen yana yin duk abin da aka ce, amma da an gama sai a mayar da shi keji, babu mai yi masa magana sai an sake zuwa. ’Yata ƙarama tana leƙensa ta katanga. Kwanan baya ta tambaye ni ko na taɓa samun kare. Na ce mata a’a, karyar da na sani ta kakana ce. Ni dai akwai shekarar da ita kaɗai ke jin muryata.