Hadarin ranar awon mota

Shekarar da sojoji suka rufe iyaka, mu ɗaliban jami'ar Agadas muna ƙera mota mai tafiya da hasken rana. Ba wata mota ba ce ta a zo a gani: ƙafa uku, panno mai kama hasken rana shimfiɗe a bisa kamar tabarma, sai kujera guda. Amma mun sa rai a kanta. Masu dubawa za su zo daga Yamai sau ɗaya tak, su ga batir ya cika da rana a gabansu, sannan a ba mu izinin shiga gasa. In bai cika ba, shi ke nan.

Matuƙinmu wani abokina ne siriri, ɗan makiyaya. Saboda rashin nauyinsa muka zaɓe shi, muna ta tsokanarsa wai iska ma za ta iya tuƙa shi. A lokacin damina ta ƙi zuwa, rijiyoyin ƙauyensu sun ƙafe, awakin mahaifinsa suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Duk mun sani. An fita roƙon ruwa bayan gari, ni ma na je, na juya rigata kamar kowa, na ce amin da ƙarfi.

Ranar dubawar, da hantsi, hadari ya taso daga wajen duwatsu, baƙi ƙirin. Mata suka fara guɗa a unguwar Dagmanet. Ni kuwa ina tsugune gaban allurar batir, ina ganin tana ja da baya. Raina ya ɓaci. Aikin shekara guda!

"Allah ka kore shi, ko zuwa la'asar," na ce. Ban san a fili na faɗa ba.

Abokin nawa yana gefena, riƙe da hular kwano. Ya dube ni.

Kafin azahar iska ta watsa hadarin, ko ɗigo bai sauka ba. Batir ya cika. Abokin nawa ya shiga motar ya zagaya fili, ya taka birki inda aka ce, masu dubawa suka sa hannu. Na san ba bakina ne ya hana ruwa ba, ni ba waliyyi ba ne. Amma murnar da na yi ta gaske ce, kuma ita ce take ci na har yau.

Da marece muna tura motar cikin rumfa ya ce mini ba zai je gasar ba. Tsohonsa zai kora sauran awakin kudu, babu mai taya shi.

Na buɗe baki zan ba shi haƙuri, ya riga ni.

"Zo ka zamna in gani," ya ce. "Ƙafahunka sun hi nawa tsawo."

Na zauna. Ya durƙusa da sufana a hannu, ya kwance kujerar, ya matsar mini da ita baya.