Kawu Labbo, Injiniyan da Bai Taɓa Riƙe Sitiyari Ba

Duk wanda ya taɓa tambayar Kawu Labbo hanya ya san ya ɗauko wa kansa aiki. Ba ya nuna maka da hannu kamar kowa. Sai ya ce ka tsuguna, ya share ƙasa da gefen takalminsa, ya zaro tsinken da ke maƙale a kunnensa, ya fara zane. Ko Bungudu za ka, nan kusa, sai ya zana maka kowace kwana da kowace kwalbati, har da inda akuyoyin Nahuce suke kwanciya a kan kwalta. Kafin ya gama, motar da shi ne mai yi mata lodi ta cika ta tashi ta bar ka. In ka yi ƙorafi, ya ce gara mota ta bar ka da hanya ta ɓace maka.

Ku 'yan tasha kun fi ni sanin wannan. Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma tun kafin a haife ni yake kamasho a nan Gusau, yau ya kira Tsafe, in ya yi faɗa da direbobin Tsafe gobe ya koma kiran Bungudu. Bai taɓa tuƙa ko keke ba, amma babu direban da bai koya wa tuƙi da baki ba. Shi ya sa suka sa shi a gaba. Wanda ya fi matsa masa shi ne Mamman Walƙiya, direban nan na Tsafe da kuka sani da gudu. Kullum da safe sai ya leƙo ta tagar mota ya tambaye shi wai birki a dama yake ko a hagu. Kawu ba ya ba shi amsa. Sai dai ya ce jaki ma ya san inda ƙafarsa take, amma bai san Tsafe ba sai an kora shi. Ana dariya, shi ma yana yi, amma ni da nake cin tuwo a gidansa na san abin yana yi masa ciwo.

Da na buɗe ɗan shagon cajin waya a bakin tasha, na sa kwamfuta biyu masu gem, wato wasan tseren mota, don direbobin da ke jiran layinsu su rage zafi. Kawu yakan zo ya tsaya a bayansu, hannu a baya, yana tsaki. Wai hanyoyin duk ƙarya ne, babu rami, babu saniya, babu mai talla da zai tsallaka ba tare da ya duba ba. Rannan na gaji, na buɗe masa wani sashe na gem ɗin inda mutum yake shimfiɗa hanyarsa da kansa: ga guntayen kwalta, ga kwana, ga gada, ga tudu, ka ɗauko ka jona yadda ka so, sannan kowa ya hau ya yi tsere. Na yi haka ne don ya yi shiru. Ashe kujera na rasa. Ya zauna a kanta shekara huɗu.

Sati guda ya yi yana kokawa da linzamin kwamfuta, yana riƙe shi kamar ya kama ɓera da rai. Da hannunsa ya faɗa, sai ya fara gina hanyar Gusau zuwa Tsafe. Ya nemi rami a cikin kayan ginin bai samu ba, ya ce wanda ya ƙera abin nan bai taɓa fita daga ɗakin uwarsa ba. Sai ya jera tsofaffin tayoyi a madadin ramuka, dammunan ciyawa suka zama shanu, dutsen da ya fi kowanne girma ya dasa shi a Kwatarkwashi. Da na yi masa maganar man janareta, ya kalle ni ta saman tabarau ya ce shi ba wasa yake yi ba, aiki yake yi, kuma a duk duniya mai gina hanya biyansa ake yi, amma saboda uwata ya yafe mini. Tun daga ranar 'yan tasha suka sa masa Injiniya.

Hanyarsa ta biyu don mutum ɗaya ya gina ta. Shekara da shekaru yana kallon tuƙin Mamman Walƙiya, ya san in Mamman ya ga tudu sai ya take totur har ƙasa. To sai ya yi masa miƙaƙƙiyar kwalta mai daɗi, ya ɗora tudu a ƙarshenta, ya ɓoye wata muguwar kwana a bayan tudun, ya haƙa tafki a gabanta. Mamman ya zauna yana cika baki, ya hau tudu, sai ga mota a ruwa. Ya sake, ruwa. Tun hantsi har azahar yana wanka. Layinsa na lodi ya zo ya wuce bai sani ba. Kafin la'asar duk tasha an daina ce masa Walƙiya, an koma Sarkin Ruwa.

Kwana uku ana haka. A na huɗu Mamman ya zo ya tsuguna a gaban Kawu, ya gaishe shi gaisuwar da bai taɓa yi masa ba, ya roƙi sirrin kwanar. Kawu ya gama ɓare goronsa a tsanake, ya duba ya tabbata kowa yana ji, sannan ya ce:

"Birki tsakiya yake, Mamman. Ba dama ba, ba hagu ba. Ka gwada taka shi."

Wallahi ranar har mai shayi sai da ya zubar da ruwan zafi don dariya.

Ni ne na jawo rigima ta gaba. Na ɗora wata hanyar Bungudu da ya gina a intanet, inda masu wannan gem suke musayar hanyoyin da suka gina. Bayan 'yan kwanaki wani mutum daga wata ƙasa mai nisa, mai sunan da ba ya karantuwa, ya gama ta a rabin lokacin da gwanin tasharmu yake yi. Kawu ya ce ƙarya ne. Da yake gem ɗin yana ajiye hoton tafiyar kowa, na kunna masa. Mutumin ya taho lafiya lau har wajen Furfuri, sai kawai ya sauka daga kwalta, ya ratsa ta cikin koren filin da ke gefe, ya ɓullo can gaba, ya tsallake kwana huɗu.

Kawu ya miƙe tsaye har kujera ta faɗi.

"Gonar Malam Isa ta! Gero na ciki! Wanga wane irin marar tarbiyya na?"

Na ce masa Kawu, ciyawar kwamfuta ce. Ya ce shi ya gina wurin, shi ya san abin da aka shuka. Ya tsare ni sai na rubuta wa mutumin wasiƙa, yana faɗa ina juyawa zuwa Turanci, ina zubar da zagin a hanya. Har da tambayar sunan ubansa. Mutumin ya maido da hoton fuska mai dariya da babban yatsa a sama. Kawu ya ce wato ma raini. Ya kwashe kwana biyar yana kewaye gonar da shinge, ƙarfe bayan ƙarfe, ba ko kafar da kaza za ta bi.

Na ɗauka magana ta mutu. Sai bayan kaka, an gama girbi, na shigo shago na tarar da shi yana cire shingen nan ɗaya bayan ɗaya. Na tambaye shi lafiya. Bai ko juyo ba ya ce an kwashe amfani, in rubuta wa mutumin nan in gaya masa an saki dabbobi, yana iya wucewa.

Duk shekarun nan bai taɓa yarda ya yi tseren da kansa ba. Sai ranar wata Sallah direbobi suka taru suka rantse ba za su ƙara hawa hanyarsa ba sai ya tuƙa. Aka danna masa abin tuƙin a hannu, aka nuna masa inda zai matsa. Ya zaɓi wata farar mota mai ƙofa huɗu, ya gyara hula, ya yi bisimilla. Fitila ta yi ja, ta yi kore, sauran motoci suka tashi kamar an jefa dutse cikin tsuntsaye. Motar Kawu tana nan a tsaye. Ana ta ihu, Kawu taka, Kawu sun tafi. Shi ko gezau. Mamman ya sunkuyo ya tambaye shi ko abin ne ya lalace.

"Ba abin da ya lalace," in ji Kawu. "Mota ba ta cika ba. Saura mutum biyu a baya."

Ya ajiye abin ya tashi. Wannan shi ne tuƙinsa na farko, shi ne na ƙarshe.

Bara ƙafafunsa suka kumbura, ya daina fita tasha. Zaman gida ya fi ciwon damunsa, don haka na riƙa kai masa ƙaramar kwamfutata duk bayan la'asar. Ya ce kada in kalli abin da yake ginawa, ni ma ban kalla ba. Wata guda yana yi, wani lokaci guntun kwalta ɗaya ya ɗauke shi minti goma. Rannan ya ce in matso, ni zan tuƙa, amma in na yi gudu zai ci mutuncina.

Hanya ce siririya, ba tarko, ba tudu mai ɓoye kwana, ba tafki. Ban gane ta ba sai da ya fara kiran sunaye. Hanyar ƙauyenmu ce, can bayan Tsafe, inda aka haife shi da mahaifiyata. Shekara bakwai rabonsa da can, tun da 'yan bindiga suka tashi garin kowa ya watse. Kabarin iyayensu yana can, ba mai zuwa.

Na riƙa tafiya kamar mai tura baro. Ya nuna wata bishiya ya ce tsamiyar da ake sauke kaya ce. Ganga guda a gefen hanya, rijiya ce, ruwanta da ɗan gishiri-gishiri. Ga maƙera, ga masallaci, ga inda kare ya taɓa yaga masa wando yana saurayi, ya ce har gobe bai yafe wa mai karen ba. Muka yi dariya. Can gaba kwalta ta ƙare a gaban wani ɗan gini, a nan ya ja layin ƙarshen tsere. Ya ce kada in haye layin, in tsaya daga baya kaɗan. Na tsaya.

Ya daɗe yana kallo. Sannan a hankali, da muryar da ban san shi da ita ba, ya ce, "Salamu alaikum. Inna, ni na, Labbo."

Ya kasa kunne kamar mai jiran a amsa. Ni dai na sunkuyar da kai. Da ya ga idona ya kawo ruwa, sai ya goge nasa da bakin riga ya daka mini tsawa wai in kashe abin, batir ba gadona ba ne.

Bayan sati biyu ya rasu, ranar Laraba da hantsi. Kun ga yadda tasha ta tsaya cak ranar, direbobi suka bar motoci da fasinja a ciki suka bi gawarsa a ƙasa. Hanyoyinsa suna nan a shago, kowa yana hawa. Ta ƙauye ce kawai ban ɗora wa kowa ba, sai mahaifiyata da takan ce in kai ta gida, in zauna in tuƙa mata a hankali.

Allah ya jiƙan Kawu Labbo, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa, ya sada shi da Innarsa a gidan da ba a tashin kowa. Mu da muka rage, Allah ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa garinsu. Amin.