Sabulun Gwaggo Ya Rame

Tun ina yarinya Gwaggo ke dafa sabulu a gidan da ke jikin namu, har na yi aure na haihu tana nan bakin tukunya. Ba gwaggon kowa ba ce a layinmu, amma kowa haka yake kiranta. Soda ta cinye mata farce, tafin hannunta ya yi kaushi har jarirai ba sa son ta ɗauke su. Da siririyar waya take yanka sabulu, ido ne ma'auninta, kuma idon nan kullum wajen mai saye yake karkata. In aka ce ta cika ɓarna sai ta ce, "To ci zan yi?"

Mijinta ya rasu da wuri. Da tukunyar nan ta ciyar da yara, ta aurar da matan, ta kai Auta makaranta har ya ƙoshi. Ba ta da gona, ba ta da gwal. Abin taƙamarta ɗaya ne, babu wanda ya taɓa cewa ta cuce shi.

Auta ya dawo da ilimi da takalmi mai ƙara, ya ce babban kanti zai karɓi sabulunta.

"Amma Inna, ba sa karɓarsa tsirara. Sai an naɗe an rubuta nauyi, haka doka ta ce."

Ya bugo takardar naɗi, gram ɗari biyu a gefe, a tsakiya hoton Gwaggo tana murmushi. Ya sayo sikeli, ya ja mata kunne kada ta ƙara ko ɓarɓashi, abin da aka rubuta shi za a sa. Matar da ta saba yanka da yalwa sai ga ta da wuƙa tana kankare gefen sabulu har sikeli ya tsaya cif. Ranar yanka take aunawa, sabulun yana ɗanye, ta naɗe nan take. Ta fi kowa sanin sabulu yana ramewa in ya bushe, masu wanki ma busasshen suke nema. Abin da bai zo mata a rai ba shi ne rubutu ba ya ramewa tare da shi. Shi kuma Auta da ya karanta doka, ko rigarsa bai taɓa wankewa ba.

Sabulu ya jima a kanta yana shan iska. Da jami'in awo ya zo zagaye ya ɗora ɗaya a sikelinsa, bai kai ba. Ya ɗora wani, haka. Ya biyo adireshi har gida da rana tsaka, mutanen layi suka cika ƙofa kamar ana rabon kyauta.

"Ɗana, ranar da na yanka daidai yake," in ji Gwaggo. "Bushewa ya yi. Busasshen ma ya fi auki."

"Na yarda, Baba. Amma mai saye abin da aka rubuta ya biya. Da sai a bar wa bushewar nata rabon tun wajen yanka. Wa ke da alhakin awon?"

Auta ya gyara tsayuwa. "Ranka ya daɗe, ni takarda kawai na buga. Awo a hannunta yake."

Ina tsaye a wurin, na ji kamar in cire takalmi in kwaɗa masa. Jami'in bai zage ta ba, kwalaye ya kwashe ya tafi. Mu 'yan layi ne muka yi zagin. Wani ya ɗauki hoton sabulun a kan sikeli, fuskarta na murmushi saman lambar da ta gaza, kafin yamma ya zaga wayar kowa. Matan da suka shekara suna karɓar ƙari a hannunta suka ce dama sun daɗe da lura. Yara in sun hango ta sai su hau kiran "Gram Ɗari Biyu". Ta daina zuwa suna da biki, har kasuwa ta koma aike.

Auta dai bai yi asara ba. Ya buɗe shago a ɗakin gaba, ya canja wa sabulun suna, ya sa hoton fure. Sabulun na da ne, yankan ma na da ne, sai dai yanzu takarda ta ce ɗari da saba'in, kuma ciniki ya buɗe. Tunda ba wanda ya iya haɗin sai uwarsa, ita ke dafawa a ɗakin baya, ta ƙofar lungu take shiga da fita.

Rannan na leƙa gaishe ta tana juya tukunya. Katako ne tsakaninmu da shago, muna jin wata mata tana tambaya.

"Wannan ba na tsohuwar nan ba ne?"

"Wacce? Ai tuni muka rabu da ita, Hajiya," in ji Auta. "Mu nan ba ma tauye awo."

Muciya ta tsaya a hannun Gwaggo. Na yunƙura zan miƙe, ta riƙo zanina da hannun nan mai kaushi.

"Zauna, 'yata," ta ce ƙasa-ƙasa. "In ta ji muryata ba za ta saya ba."